"An Ci" Bai Faɗi Wanda Ya Ci Ba

Akwai wani dattijo mai gyaran takalmi da jakunkuna, wanda matarsa ta rasu ta bar shi a gida, daga shi sai kare.

'Ya'yansu duk sun watse. Na nesa yana nesa, ta gidan miji tana gidan miji. Babbar 'yarsa kaɗai ta rage a garin, tana da shagon labule a bakin babban titi. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba. Uwata yake ce mata. Ƙannenta kuwa Yaya suke cewa.

Karen na marigayiya ne. Shekarar da ɗansu na ƙarshe ya bar gida ta tsince shi a bayan katanga, ɗan kwikwiyo, ido bai gama buɗewa ba. Ta sa masa suna Auta. Autan gaskiya da ya ji labari ya bugo waya yana mita.

"Mama, ina raye kika naɗa wani?"

Ta ce, "Wannan ba ya ɗaukar jaka ya tafi ya bar ni."

Auta bai taɓa shiga ɗaki ba, marigayiya ba ta wasa da wannan. Wurinsa barandar baya, gefen bencin aikin dattijon, inda ake jin warin gam da fata.

Da aka yi rasuwar, Yaya ba ta yi wani kuka ba. Ita ta karɓi baƙi, ita ta raba kayan sawa, ita ta sallami kowa. Mutane suka ce tana da ƙarfin hali. Ita ta san ba ƙarfin hali ba ne. Cikinta ne ya zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ko an mintsina ba ta ji.

Abu ɗaya ya rage mata da take tsoro. Ta sha ganin tsofaffi, in ɗaya ya tafi, ba a jimawa ɗayan ya bi. Ga Baba da hawan jini, likita ya ce lallai ya riƙa cin abinci. Sai ta ɗaura wa kanta cewa ubanta ba zai bi uwarta ba, in dai abinci ne zai tsare shi.

Wata mai sayen labule ta ce mata albasa da tafarnuwa suna saukar da jini. Yaya ba ta san rabin abu ba. Ta riƙa sayen albasa kwando-kwando. Ta soya, ta dafa, ta yanka ɗanya a kai. Tafarnuwa kuwa dakawa take yi ta zuba a miya, ta cusa a nama, ta barbaɗa a shinkafa. 'Ya'yanta suka fara toshe hanci in sun shiga kicin.

Kullum da safe, kafin ta buɗe shago, sai ta tsaya a ƙofar gidan Baba. Ba ta kashe mota. Ta bi ta ƙofar gefe ta zagaya baranda, ta ajiye kular abincin yau, ta ɗauki ta jiya. Kullum takan tarar da ta jiya a wanke tas, an kife ta a bakin famfo.

"Baba, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Uwata."

"An ci na jiya?"

"An ci."

Yarinya ce mai tarbiyya, wannan ba zan hana mata ba. Tun tana ƙarama aka koya mata ba a ce wa babba "kai" gatsau. "An tashi?" ake cewa, "an sha magani?" Ladabi ne. To amma ku riƙe wannan "an" ɗin, za mu dawo kansa.

Ba ta taɓa zama ba. A barandar akwai farar kujerar roba da aka ɗaure ƙafarta ɗaya da waya. Kujerar Mama ce. A ƙarƙashinta ga silifas ɗinta, wanda Baba ya sake wa ƙasa ya fi a ƙirga. Yaya ba ta iya kallon wurin. Sai ta kalli agogon hannunta, ta ce za ta makara.

Wata rana ƙaninta, autan gaskiya, ya kira ta.

"Yaya, muryar Baba ta yi ƙasa. Kamar daga rijiya yake magana."

"Kai da kake jinsa ta waya za ka faɗa mini yadda yake? Ni kullum sai na gan shi."

"Yana dai cin abinci?"

"Ko ƙwayar shinkafa ba ya bari. Kula a wanke nake ɗaukowa."

"Kin zauna kin ga yana ci?"

"In zauna in ƙirga masa loma? Shagon kai za ka buɗe mini? Kai tun da aka haife ka, ko ruwan zafi ka taɓa dafa masa?"

Can ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Yaya. Tafarnuwarki dai har nan muna jin ta."

Ba ta yi dariya ba. Da ta ajiye wayar sai ta ɗauki hoton kula wankakkiya ta tura wa ƙannenta duka, ba ta rubuta komai a ƙasa ba. Kowa ya gane.

Akwai abubuwan da idonta ya gani, zuciyarta ba ta ɗauka ba. Baba ya koma sa babbar rigar sanyi, ko ana zafi. Takalman mutane sun taru a benci sun yi ƙura. Auta ya yi ƙiba da farko, ranar da ya yi hamma kusa da ita ta ji tafarnuwa, ta ce a ranta Baba yana ba shi lasar murfi. Daga baya karen ya daina tasowa in ya ji mota. Sai dai ya ɗaga kai, ya buga wutsiya a siminti, ya mayar da kai. Wata safiya ta ga fitsari a bakin baranda, ja-ja kamar ruwan shayi. Ta tsallake shi don kada ya taɓa mata takalmi.

Ranar da abin ya faru, tana kan tsani a shago tana rataya wa wata mata labule ta gani. Waya ta yi ƙara. Baba ne, wanda ba ya kira.

"Uwata, Auta ya ƙi tashi."

"Baba, ina da mutane. A ba shi ruwa, zafi ne."

"Na ba shi. Ya ƙi."

"To kare ne fa, Baba. Zai tashi."

Sai ya ce, "Na Mamanku ne."

Ta sauko daga tsanin.

Ta tarar da karen a kwance ta gefe, yana numfashi sama-sama, harshe a waje. Suka shimfiɗa tsohon bargo suka mirgina shi a kai. Ta kama gefe, Baba ya kama gefe. Suna ɗagawa sai Baba ya yi taga-taga, ya zauna a kan matakala. Ya ce ƙafarsa ce ta zame. Ita kaɗai ta ja bargon har bakin mota.

Suka kama hanyar asibitin dabbobi. Baba yana baya, hannunsa a kan bargon.

Likitar dabbobin wata matashiya ce mai ƙaramar murya. Ta sa aka ɗora Auta a kan teburin ƙarfe. Ta ɗaga leɓensa. Dasashin da ya kamata ya zama ja ya koma fari fat, kamar yadin da Yaya ke sa wa labule ta ciki. Likitar ta sunkuya ta shinshina bakinsa, ta ɗebi jini, ta fita. Da ta dawo ta tsaya tana kallonsu.

"Me yake ci?"

Yaya ta riga ubanta amsawa. "Abincinsa daban ne, a buhu ake saye. Ni nake saye."

"Albasa fa? Tafarnuwa?"

"Kare ne zai ci albasa?"

"In an dafa ta da nama, zai cinye har ya lashe kwano. Mu ba ta yi mana komai. Shi kuwa jininsa take fasawa. Ɗanya, dafaffiya, soyayya, duk ɗaya ne, wuta ba ta kashe abin. Kuma ba ya nunawa a ranar. A hankali yake taruwa."

"Wataƙila lasar murfi yake yi," in ji Yaya.

Likitar ta girgiza kai. "Wannan ya wuce lasar murfi, Hajiya. Wannan ya daɗe yana cin abincin mutum guda."



Yaya ta juya ta kalli ubanta. Tun rasuwar, ranar ce ta fara kallonsa daga sama har ƙasa. Wajen ɗaga kare maɓallin rigar sanyin ya cire, rigar ta buɗe. Ta ga wuya kamar na kaza. Ta ga wando ya tattare a ƙugu kamar bakin buhu. Ta ga bel. Bayan hudar kamfani akwai wasu sababbi a jere, zagayayyu, masu tsabta, tazararsu daidai. Aikin hannunsa ne, ta san shi. Wutsiyar bel ɗin ta zagaya har bayansa.

Likitar ta ce su jira a waje, za ta sa masa ruwa, za ta kuma nemi jini.

Suka zauna a benci a dogon baranda. Yaya tana jira ta ji wani abu, ko fushi ko kuka. Babu abin da ya zo. Labulen tagar da ke gabanta take kallo. An rataya shi a karkace, ƙugiya ɗaya ta fita. Ta yi ta tunanin wa ya ɗinka musu shi haka.

Da ta buɗe baki, muryarta ta fito kamar tana tambayar farashi.

"Baba, ka ce mini ana ci."

"Ana ci, Uwata."

"Baba."

"Kin ce an ci, na ce an ci. Ban taɓa ce miki na ci ba. Ni ban yi miki ƙarya ba."

Gaskiyarsa kuwa. Dattijon nan duk unguwa an san shi, in takalmi ba zai gyaru ba sai ya faɗa maka, ya miƙo maka abinka. Bai iya ƙarya ba. Ƙofa ya samu a buɗe cikin maganarta, ya bi ta nan kullum.

"To me ake... me kake ci?"

"Shayi. Wani lokaci da ɗan burodi."

"Abincin ne ba daɗi?"

"Ban sani ba. Ban kai ga sanin haka ba." Ya shafa gwiwarsa. "Tun da na auri Mamanku ban taɓa buɗe kwano ba tana zaune a gabana ba. Ina ci tana faɗa. Ka bar gam a buɗe, ka shigo mini da ƙusa a aljihu, wane ya zo karɓar jakarsa ka ce gobe. Da faɗan nake haɗiyewa. Yanzu in na buɗe kularki, gidan shiru. In na kai loma sai ta tsaya a nan." Ya taɓa maƙogwaronsa.

"Sai ka ba kare."

"In mayar miki da shi, ranki ya ɓaci, ga wahalar da kika sha. In zubar, Allah ya tambaye ni. Ga Auta zaune yana kallona. Yana ci ina kallonsa, sai in ji kamar an ci abinci a gidan."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Yaushe?"

Bai faɗe shi da zafi ba. Tambaya ce kawai.

"Ni ƙasa nake kallo, Uwata, sana'ata ce. Kafin in ga fuskar mutum na ga takalminsa. Naki tun daga shigowa hancinsa ƙofa yake kallo. Ga mota tana kuka a waje. Mai irin wannan tsayuwar ba a tare shi da dogon zance."

Yaya ta kalli ƙafarta. A zaune take, amma takalmin ya karkata wajen ƙofar fita. Ta gyara shi.

Kafin la'asar likitar ta fito tana cire safar hannu. Ta ce sun yi abin da za su iya, jinin ya riga ya ƙare. Ta ce da an kawo shi tun ranar da fitsarinsa ya canja, da akwai magana. Yaya ta tuna safiyar da ta tsallake. Ta ce, "To. Mun gode."

A bayan katanga suka binne shi, inda aka tsince shi. Baba bai iya ɗaga shebur ba. Yaya ce ta haƙa, da kayan shagonta a jiki. Da ta gama mayar da ƙasa, Baba ya tsaya yana kallon wurin.

"Ni na kashe mata shi," in ji shi.

"Ni na dafa."

Bai musa ba, ita ma ba ta musa nasa ba. Suka koma baranda. Kular safe tana nan inda ta ajiye ta, ba a buɗe ba. Baba ya ɗauka ya miƙa mata.

"Ki kai wa yara. Daga gobe ki huta da wahalar nan, Uwata. Babu mai ci."

Ta karɓa. Ta shiga mota ta zauna, ba ta tayar ba. "Babu mai ci" ɗin ya yi ta juya mata a kai. Ta gane abin da yake nufi. Baba ya riga ya kama hanya, a hankali, cikin ladabi, ba tare da ya dami kowa ba. Karen ne kawai ya riga shi isa.

Daga nan cikin motar ta kira ƙaninta. Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. A ƙarshe ta ce, "Tambayar da ka yi mini ita ce tambaya. Na zage ka a banza."

Ya ce, "Yaya, bar wannan. Yanzu ya za a yi?"

Ta ce ba ta sani ba.

Washegari ta dafa abinci kaɗan. Ta iso ƙofar gidan, ta kashe mota. Shirun da ya biyo baya har ya ba ta tsoro. Ta zagaya baranda. Baba yana kan bencinsa cikin rigar sanyi, hannunsa na dama ya sauka gefe, inda kan Auta yake zama.

Ta cire takalminta ta ajiye kusa da silifas ɗin Mama. Ta jawo farar kujerar mai ɗaurin waya, ta zauna. Kujerar ta yi ƙara irin wadda ta saba yi. Baba ya ɗago.

Ta juye abincin a faranti ɗaya, ta sa cokali biyu, ta ajiye tsakaninsu. Ta ci loma ɗaya. Bai motsa ba. Ta ƙara. Bai motsa ba. Abincin ya fara hucewa, ita kuma ba ta san me ake cewa ba. Ta iya aiki, ba ta iya hira da uba ba.

Idonta ya faɗa kan gwangwanin gam a buɗe, ya bushe ya yi fata. Bakinta ya riga tunaninta.

"Dubi gam ɗin nan. An bar shi a buɗe har ya mutu. Kuma wannan rigar, sai ta fara tafiya da kanta za a wanke ta? Ga takalman mutane sun yi ƙura, gobe su zo a ce musu jibi."

Ta tsaya, ta ji kunya ta kama ta. Ba ta taɓa yi wa ubanta magana haka ba.

Baba yana kallonta. Gefen bakinsa ya ɗan motsa.

"Da gam take farawa," ya ce. "Ci gaba."

Ta ci gaba. Ta yi faɗan ƙusoshin da ke zube a ƙasa. Ta yi faɗan famfon da ke ɗiga. Ta yi faɗan mutumin da zai zauna ya huda bel da kyau haka, ya kasa ɗaga waya ya kira 'yarsa. A nan muryarta ta karye, amma ba ta tsaya ba.

Tana cikin faɗan ya ɗauki cokali. Ya daɗe yana taunawa. Ta ga maƙogwaronsa ya motsa, lomar ta wuce.

"Albasa ta yi yawa," in ji shi.

"A ci a haka." Ta gyara. "Ka ci a haka, Baba."

Bai ci da yawa ba. Cikin da ya daɗe a rufe ba ya buɗewa rana ɗaya. Ta kai shi asibiti a satin, likita ya yi musu faɗa su biyun, ya ce albasa abinci ce, ba ta maye gurbin magani. Shagon labule ya koma buɗewa a makare. Wasu masu saye sun gaji da jira sun koma wani wurin. Ta bar su.

Auta dai bai dawo ba. Kwanonsa yana nan a kife a ƙarƙashin benci, babu wanda ya iya ɗauke shi. Har yau in Baba ya manta, hannunsa yakan sauka gefe ya shafa iska.

Bayan wani lokaci, wata safiya suna zaune faranti a tsakiya, autan gaskiya ya kira.

"Yaya, ya jikin Baba? An ci?"

Ta ce, "A gidan nan an daina wannan tambayar. Ga shi, ka tambaye shi kai tsaye."

Ta miƙa wayar. Bakin yaron bai saba ba.

"Baba... ka ci?"

Dattijon ya goge baki da bayan hannu. Ya kalli takalmin 'yarsa a gefen silifas ɗin matarsa, hancinsa yana kallon cikin gida.

"Na ci," ya ce.

Darasi: Kwano wankakke ba shaida ba ne. Aika wa iyaye abinci abu ne mai kyau, amma ba shi ne kula da su ba. Ku kashe mota, ku cire takalmi, ku zauna ku ga lomar ta wuce da idonku. Kada kuma wanda ke kusa ya raina tambayar wanda ke nesa. Sannan masu ajiye kare, ni ba ma'abociyar kare ba ce, amma dabbar da ka ajiye amana ce a wuyanka. Ba duk abin da cikinka ya ɗauka nasa zai ɗauka ba. Albasa, tafarnuwa, inabi, zabibi da cakulan, ku nisanta su da shi, ɗanye ko dafaffe. In kun ga ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, ko fitsarinsa ya canja, kada ku tsallake, ku kai shi wurin likitan dabbobi a ranar. Ku tura wa 'yan'uwanku wannan, musamman wanda ke da tsoho zaune shi kaɗai. In kun gama turawa, ku ajiye wayar ku je ku gan shi.